Tsohuwar Taraktar Lambu Idan Ta Kasa Ja: Bin Sawun Matsala Daga Inji Zuwa Taya

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan tsohuwar taraktar lambu wadda injinta yake tashi lafiya amma ta kasa jan garma, da kuma yadda makaniki yake gano inda ƙarfin yake zurarewa. An shirya ta domin ɗaliban da suka yi nisa a karatun Hausa, saboda su saba da Hausar masu aikin hannu, wadda ba kasafai ake samun ta a littattafan adabi ba. An ɗauko misalan daga Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda Hausawa suka daɗe da zama.

Fatake masu bin hanyar goro tsakanin Kano da Gwanja sukan ratsa ƙasar Mosi, wasunsu kuma suka ya da zango a Wagadugu har zaman ya ɗore. Unguwarsu ita ce Zango, wadda Mosawa suke kira Zangwetin, a tsakiyar birni. A shekarar 2003 gwamnati ta rushe ta tare da wasu unguwannin maƙwabta a ƙarƙashin shirin ZACA na faɗaɗa cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka ba mazauna filaye a gefen gari, wajen Waga 2000 da Niyoko. Mutanen Zango sun warwatsu ke nan, amma sun tafi da harshensu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne kalmomin sana'a. Bakano ya aro sunayen sassan mota daga Ingilishi, Bahaushen Wagadugu kuwa daga Faransanci, kamar ɗan'uwansa na Maraɗi. Saboda haka abin da ake kira bel a Kano shi ne kuruwa a can, kuloci shi ne ambirayaji, giya ita ce bitesi, man gas kuma gazuwal. A nan za mu bi kalmomin Kano, tun da su ɗalibai suka fi sani.

Ita taraktar

Taraktar da muke magana a kanta ba babbar nan ba ce mai kujera da tayoyi huɗu. Ƙarama ce mai taya biyu da dogayen hannuwa, mai aiki yana bin ta a ƙafa kamar yadda ake bin garmar shanu. A Burkina Faso motokiltar ake ce mata. Masu ƙananan lambuna a bakin madatsun ruwa uku da suke arewacin Wagadugu galibi da fartanya suke aiki, don filayensu ba su da girma. An fi ganin motokiltar a inda fili ya fi yalwa, kamar wuraren noman shinkafa na Bagre da na kwarin Ku kusa da Bobo Julaso, da manyan lambunan da suke shan ruwan madatsar Lumbila.

Akwai ƙirar Japan, irin su Kubota, akwai kuma ƙirar Sin, wadda ta fi araha. Za mu ɗauki Dongfeng 12 ta birnin Changzhou a matsayin misali, domin tsarinta a fili yake, ana ganin kusan komai da ido. Injinta na gas ne, S195, mai silinda ɗaya wadda faɗinta milimita 95 ne, ƙarfinsa kuma kimanin na doki 12. Da hannu ake tayar da shi. Tana da giya 6 na gaba da 2 na baya.

Ga hanyar da ƙarfi yake bi. Inji yana juya fuli, wato ƙarfen nan zagayayye mai kwari-kwari da bel yake kwanciya a ciki. Bel yana kai juyin ga fuli na biyu, wanda a cikinsa kuloci yake. Daga kuloci sai sarƙa, daga sarƙa sai akwatin giya, daga nan kuma ƙarfin ya rabu biyu, ya bi ta haƙoran juya akala na dama da na hagu, ya isa ga tayoyi. Injin yana juyawa kimanin sau 2,000 a minti ɗaya. A giya ta ɗaya taraktar tana tafiyar kilomita 1.4 a awa, wato kimanin mita 23 a minti. Da yake kewayen tayar ya kusa mita 2, juyinta bai wuce sau 12 a minti ba. Ke nan sai inji ya juya kusan sau 170 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan rage gudu shi ne yake ba ƙaramin inji damar fasa busasshiyar ƙasa, kuma duk inda aka sami santsi a tsakanin inji da taya, a nan ƙarfin yake zama zafi ya bi iska.

Tambayar farko

Manomi idan ya kawo tarakta, abin da yakan ce shi ne, "Maigida, giya ta mutu." Makanikin kirki ba ya ɗaukar sifana a lokacin. Sai ya ce, "To, Alhaji, idan garma ta shiga ƙasa, injin nishi yake yi ko kuwa kukansa bai canja ba?" Amsar wannan tambaya ita take raba matsalar gida biyu.

Idan garma ta nitse sai injin ya fara nishi, kukansa ya yi ƙasa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, to bel da kuloci da giya suna aikinsu, domin sun kai wa injin nauyin ƙasa yadda yake. Injin ne ya gaza, ko kuma an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. A nan sai a duba matacin iska, wanda ƙurar hunturu take toshewa cikin 'yan kwanaki, a duba matacin mai, a duba ko gas ɗin da aka sayo a kwalba yana da ruwa. Wani lokaci ma ba komai ba ne illa an zurfafa garma fiye da kima, ko an sa giya ta uku a inda ta ɗaya ta dace.

Idan kuwa injin yana kukansa garau, ko ma ya ƙara gudu, amma taraktar tana jan jiki ko ta tsaya cik, to ƙarfi yana fita daga inji amma ba ya isa ƙasa. Sai a dubi tayoyi. In suna juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami, matsalar ta taya ce: ta suɗe, ko an ɗaura ta a juye, ko wurin taɓo ne da yake buƙatar tayar ƙarfe. In tayoyin ba sa juyawa, a lokacin ne za a ce akwai matsala a hanyar da muka zana a sama.

A nan akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin a kansa sauran bayanin ya dogara. Haƙoran giya ba sa santsi. Ko dai sun kama juna suna aiki, ko sun fita daga juna, ko sun karye, kuma kowane daga cikin biyun ƙarshe yana zuwa da ƙara wadda ba ta ɓuya. Abubuwan da suke iya riƙewa rabi su saki rabi su ne waɗanda aikinsu na guga ne, wato bel da kuloci. Saboda haka taraktar da ƙarfinta ya riƙa raguwa a hankali, yau da gobe, ba tare da wata ƙara ba, da wuya a sami laifin a cikin akwatin giya. Ga shi kuma akwatin giya ne ya fi tsada a buɗe. Aikin kwanaki ne, ƙura tana shiga, abin da aka yaga wajen buɗewa sai an nemo madadinsa, kayan tsohuwar ƙira kuma ba kullum ake samun su a kasuwa ba. Irin albasa ko na shinkafa da ya isa dashe ba ya jiran makaniki. Sau da yawa kuma taraktar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta ƙungiya ce, manoma da dama suna jiran layi.

Bel

Bel ɗin wannan tarakta ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Samansa ya fi ƙasansa faɗi, kwarin fulin ma haka aka yanka shi. Da gefensa biyu yake kama fuli, ba da cikinsa ba. Yau da gobe gefen yana cinyewa, bel ɗin ya sirance, ya riƙa nitsewa har ya taɓa gindin kwarin. Da zarar ya taɓa gindi, riƙo ya ƙare, ko da an ja shi ya yi tauri kamar tsirkiya. Alamar haka a bayyane take: a kashe inji, a cire bel, a leƙa cikin kwarin. In gindinsa yana ƙyalli, bel ya suɗe, ko kuma shi kansa fulin ya cinye.

Sauran alamun santsin bel su ne ƙara mai kama da kukan ɓera idan garma ta kama ƙasa, da warin ƙonanniyar roba, da baƙin gari a jikin injin, da fulin da ya yi zafin da ba a iya taɓa shi. Wanda ya tsaya a gefe yana kallo zai ga fulin inji yana gudu, na kuloci kuwa yana ja da baya.

Gwajin tauri da yatsu ake yin sa. A danna tsakiyar bel da yatsu huɗu. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 2 zuwa 3. In ya wuce haka, sai a kwance notocin da suke riƙe da inji a kan shimfiɗarsa, a matsar da injin gaba kaɗan, a ɗaure. Kafin a gama ɗaurewa a ɗora zare ko miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin biyu, a tabbata suna kan layi ɗaya, domin karkataccen fuli yakan cinye sabon bel cikin mako. Kada kuma a ce tun da sako-sako ne matsala, bari a ja iya ƙarfi. Bel mai tsananin tauri boris yake kashewa, na inji da na kuloci, kuma kuɗin boris ya fi na bel.

Bel ɗin ba ɗaya ba ne, jere suke, yawanci uku. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi ɗaya ya bar tsofaffi biyu. Ana gane dalilinsa, amma asara ce. Tsofaffin sun riga sun miƙe, sabon ya fi su gajarta, shi kaɗai zai ɗauki nauyin ukun, kuma ba zai daɗe ba. A canja su gaba ɗaya, lamba ɗaya, kamfani ɗaya. Bayan aikin yini guda a sake gwada taurin, don sabon bel yakan ɗan saki. Akwai masu shafa wa bel ƙaro ko kwalta don ya kama. Yana kamawa na awa ɗaya ko biyu, sa'an nan jar ƙurar Wagadugu ta manne a jiki ta zama kamar sanfefa, ta shiga cin fulin.

Wata 'yar magana a kan tufafi, tun da duk wannan dubawa a kusa da bel ake yin ta: tsofaffin taraktoci da yawa sun rabu da murfin bel ɗinsu tun tuni. Babbar riga, da jelar rawani, da hannun kaftani, ba su da wuri a kusa da injin da yake aiki.

Kuloci

In fulin biyu suna gudu tare amma tayoyi ba su amsa ba, sai a koma ga kuloci. Kulocin wannan tarakta busasshe ne, wato ba a cikin mai yake ba. Faifai ne masu kaushi da aka jera tsakanin faifan ƙarfe, sufirin suna matse su wuri ɗaya. Idan mai aiki ya ja hannun kuloci, wani boris yana tura ƙananan ƙarafa uku da ake kira yatsu, su kuma su janye matsin, faifan su rabu.

Ga gwaji mai sauƙi. A kara wa tayoyi manyan duwatsu, a rage wutar inji, a sa babbar giya, a saki kuloci a hankali. Kuloci mai lafiya zai kashe injin nan take. In injin ya ci gaba da kuka, bel kuma bai yi santsi ba, kuloci ne yake zamewa. Kada a daɗe ana wannan gwaji, daƙiƙa biyu ko uku sun isa.

Kafin a kwance komai, a duba ratar da take tsakanin boris da yatsun nan uku. Idan an saki kuloci, dole a sami 'yar rata ta kusan rabin milimita, kuma ta zama daidai a kan kowane yatsa. Dalili shi ne, yayin da faifan suke cinyewa, yatsun suna matsowa kusa da boris har su taɓa shi. Daga nan kuloci ya zama kamar an ɗan ja shi kullum, bai kama sosai ba, bai saki ba. Wanda ba shi da ma'aunin rata yana iya kwatantawa da bakin zarton yankan ƙarfe, wanda kaurinsa ya ɗara rabin milimita kaɗan. Gyaran na noti ne kawai, na yatsun da na sandar da ta taso daga hannu, kuma bai fi aikin rabin awa ba. A ganina wannan shi ne gyaran da aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kowane araha.

In rata ta daidaita amma santsi bai daina ba, sai a kwance kulocin. Abu uku ake nema. Na farko, faifan da suka cinye har kawunan ƙusoshin da suke riƙe da su suka fito. Waɗannan sai canji. Na biyu, mai ko giris a jikin faifan. Ana iya wanke su da fetur a shanya, amma in ba a toshe inda man yake fitowa ba, wanki zai koma baya, kuma sau da yawa yaron gareji ne ya cika giris a boris don neman yabo. Na uku, sufirin da zafi ya kashe. A jera su a kan tebur. Wanda ya fi sauran gajarta, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya gama aiki. Su ma a canja su gaba ɗaya.

Yana da kyau a tambayi yadda aka yi kulocin ya ƙone, don kada sabon ya bi sawun tsohon. Galibi abu biyu ne. Ko dai mai aiki yana rage gudu da kuloci maimakon ya canja giya, ko kuwa an ɗaura wa taraktar tirela an loda mata buhunan shinkafa ko bulo, ana fizgar ta daga tsaye da babbar giya.

Haƙoran juya akala, da sarƙa, da akwatin giya

Wannan tarakta ba ta da sitiyari. A kowane hannu akwai ɗan maƙulli. In an matsa na dama, tayar dama ta rabu da ƙarfin inji, ta hagu ta ci gaba da turawa, taraktar ta juya dama. Abin da yake haɗawa da rabawa wasu manyan haƙora ne masu shiga juna, sufirin yana tura su. In bakinsu ya dakushe, ko sufirin ya yi sanyi, ko an ɗaure sandarsu ta yi tauri, sai su riƙa kuɓucewa idan nauyi ya yi yawa. Alamar ita ce taraktar ta riƙa fizga gefe guda, ana jin ƙwas-ƙwas. Manomi zai ce ba ta da ƙarfi, alhali taya ɗaya ce take aiki. A fara da sassauta sandar. Haka kuma a duba ɗan guntun ƙarfen da ake sokawa tsakanin taya da sandar da take juya ta. In ya gutsure, sandar za ta riƙa juyawa ita kaɗai a cikin cibiyar tayar.

Sarƙa in ta miƙe, tsalle take yi a kan haƙora, tana bugun murfinta. Ana iya ɗaure ta, in kuma ta wuce ɗauri a canja ta, a duba haƙoran da take hawa ko sun yi tsini.

Akwatin giya kuwa yana ba da labarin kansa ba tare da an buɗe shi ba. A tsiyaye mansa a cikin kwano mai tsabta bayan an gama aiki, tun yana da ɗumi. In man ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, abin da ya zama ruwan dare ga taraktocin fadamar shinkafa. A zura maganaɗisu a ciki. Laushin garin ƙarfe kaɗan ba abin damuwa ba ne a tsohuwar tarakta, amma gutsattsarin da ake iya ɗauka da yatsa yana nuna haƙori ko boris ya fashe. Wannan, da giyar da take fita da kanta idan garma ta kama ƙasa, da gurnanin da yake ƙaruwa da gudu, su ne hujjojin buɗe akwati. In babu ko ɗaya, a wanke cikin da gas, a zuba sabon mai irin wanda kamfani ya faɗa, har zuwa bakin ramin awo. Baƙin man da aka juye daga mota ba man giya ba ne, ko da yake ana yawan zuba shi.

Ruwan da ya shiga akwati ta bakin sandar taya yake bi, ta nan kuma man yake fita. Ciyawa da tsumman leda suna nannaɗewa a wurin, su shige ƙarƙashin robar da take toshe bakin, su yanka ta. Cire su da wuƙa kowace yamma ya fi canja robar sauƙi.

Taraktar da ba ta da giya

A cikin kayan gwanjo na Turai, waɗanda mutanen Wagadugu suke kira Faransa-orabuwar, wato Faransa sai wata rana, akan ci karo da ƙananan taraktoci masu kujera waɗanda ba su da akwatin giya irin wanda muka bayyana. Su da matsin mai suke tafiya: inji yana juya famfo, famfo yana tura mai, man yana juya tayoyi. A irin wannan tarakta maganar da muka yi cewa cikin akwati ba ya santsi ba ta aiki, domin mai yana iya zurarewa ta cikin famfon da ya cinye. Alamarta sananniya ce: da safe tana ja lafiya, bayan rabin awa, man ya yi zafi ya tsinke, sai ta kasa hawa ko ɗan tudu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Wagadugu yakan haura digiri 40, abin ya fi tsanani.

Ko a nan ma daga waje ake farawa. A duba bel. A duba ɗan maƙullin baya da ake ja idan za a tura taraktar da hannu, ko ya koma mazauninsa sosai. A duba fankar da take sanyaya akwatin, a kankare laka da ciyawar da suka rufe jikinsa. Sa'an nan a duba yawan mai, a canja shi da matacinsa in ƙirar tana da shi. Bayan canjin mai sai an fitar da iskar da ta shiga: a ɗaga tayoyin baya sama, a tayar da inji, a riƙa kai hannun tafiya gaba da baya a hankali sau da yawa, a sauke, a sake auna man. In an yi duk wannan amma rauni yana dawowa da zarar ta yi zafi, famfon ne ya cinye, kuma kafin a kwance shi ya kamata makaniki ya fara tabbatar da cewa za a sami kayansa, ya gaya wa mai ita kuɗin.